Gurasa A Hannun Kafinta

"Ni fa na gaji da jeka-ka-dawo a kan maganar yarinyar nan," in ji Gwaggo. Ta dire jakarta a kan kujera kamar jakar ce ta ɓata mata rai. "Wallahi Yaya, in ba ka ba mutanen nan amsa ba..."

"Bar rantsuwar," Baba ya katse ta, bai ko ɗago daga takalmin da yake ɗinkewa ba. "Faɗi maganarki kawai, za mu yarda da ke."

"To na janye. Amma mai kemis ba zai zauna jiran Auta har furfura ta cika masa kai ba."

"Amsar ba a bakina take ba. Tana bakin yarinya."

Auta tana kicin, hannuwanta tsundum cikin kwaɓin fulawa, kuma babu kalmar da ta wuce kunnenta. Ranar Asabar ce. Duk mako a gidan burodi take aiki, amma burodin Asabar daban yake. Guda ɗaya ne tak, a gida take gasa shi, kuma gobe da safe ba wanda zai kira shi burodi. Gurasar Ubangiji za a ce.

Su Baba ba su da babban coci irin na Gwaggo, mai ganguna da lasifika. A ɗakin da ke saman shagon takalmansa suke taruwa, 'yan gidaje ne kaɗan, shi ne dattijonsu. Kullum maganarsa ɗaya ce, yadda almajiran farko suka karɓi bangaskiya haka za su riƙe ta, ba ƙari ba ragi. Ba sa rantsuwa, in sun ce i to i ne, in sun ce a'a an gama. In tukunyar wani ba ta hau wuta ba, ta maƙwabcinsa tasa ce.

Sai kuma maganar gurasa. Ranar Lahadi mai riƙe da ita zai gutsura ya sa a tafin na kusa da shi, ya ce, "Salama tsakanina da kai." Shi kuma ya amsa, "Salama ce," ya ci, ya karɓi gurasar ya juya ga na gaba. Amma wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ba ya karɓa. Sai ya naɗe hannuwansa a ƙirji ta wuce shi, har ranar da suka shirya. Sun gaskata cewa duk wanda ya ci da ƙulli a ransa, hukunci ya ci wa kansa.

Tun ranar da aka binne Dogo, hannuwan Mama a naɗe suke.

Dogo shi ne yayan Auta, ɗan farin Mama. Shi da abokinsa da ake kira Kafinta tare suka koyi sana'ar katako, tare suka buɗe shago, kuma shi ne da kansa ya fara tsokanar ƙanwarsa da abokin nasa, har wasa ya zama gaskiya. An riga an tsayar da maganar aure lokacin da suka samu aikin rufin wani gidan bene. Katakon da Dogo ya taka ya karye. Kowa ya ce tsautsayi ne, kuma da maganar ta tsaya a nan da yanzu Auta tana ɗakinta.

Amma bayan an watse daga zaman makoki, Mama ta kira Kafinta ta yi masa tambaya ɗaya.

"Ka ga tsaga a jikin katakon nan kafin ya hau?"

Su biyu ne kawai a saman ginin ran nan. Babu mai ƙaryata shi.

"Na gani, Mama," ya ce. "Na ce masa zai kai mu yamma."

Daga nan komai ya tsaya cik. Baba bai kori yaron ba, bai kuma fasa maganar ba. Cewa kawai ya yi ba zai sa albarka a auren da uwar amarya ba ta iya karɓar gurasa daga hannun ango ba. Shekara ta zagayo, har ta ɗora.

Gwaggo ta leƙo kicin tana fifita da gefen mayafinta.

"'Yar nan, ke dai ba ki san ciwon kanki ba. Me mai kemis ya rasa? Mota, shago, ga ladabi. Maganin hawan jinin uwarki ma shi ke kawowa har gida."

"Bai rasa komai ba, Gwaggo."

Wannan shi ne abin haushin. Auta ta yi ta neman aibin mutumin nan, abin da ta samo kawai shi ne yana riga mutane dariya in ya ba da labari.

"To me kike jira? Shi kafintan naki ma ai ya fi ki wayo. Yanzu na wuto ta gaban shagonsa, na ga yana ɗaure kaya. An ce jibi zai bar gari."

Hannun Auta ya tsaya a cikin kwaɓin.

"Wa ya ce?"

"Idona ya ce."

Ko wanke hannu ba ta tsaya yi da kyau ba. Ta rufe kwaɓin da tsumma, ta zari mayafi ta fice, Gwaggo na kiranta ba ta waiwayo ba.

*

Ta same shi a durƙushe yana naɗe zartuna a cikin buhu. An share garin katakon da kullum yake cika ƙasan shagon, sai wurin ya zama kamar ba nasa ba. Bencin aikin Dogo yana nan a gefe inda yake, ba a taɓa shi ba.

"Mai burodi," ya ce da ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ga fulawa har a goshinki."

"Ashe sai a bakin Gwaggo zan ji?"

Ya miƙe a hankali yana goge hannu a wando.

"Gobe bayan sujada na so in faɗa miki. Na samu aiki a wani kamfanin kujeru, can nesa. Litinin da safe zan tafi."

"Ni kuma fa? A cikin buhun za ka sa ni, ko a nan za ka bar ni tare da bencin?"

"Auta..."

"Kada ka ce mini Auta! Na jira ka. Na toshe kunnena, Gwaggo ta yi magana har ta gaji, ƙawayena sun yi aure har sun haihu. Ban taɓa cewa na gaji ba. Sai kai ne za ka gaji?"

"Ban gaji ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ko shekara nawa ne zan iya jira. Amma ki dubi Mama. Duk Lahadi in na hau matakalar nan, ina ganin yadda take sunkuyar da kai. Ta daina rera waƙa. Gurasar da 'yarta ta gasa da hannunta tana wuce ta kamar baƙuwa. Na raba ta da ɗanta, yanzu kuma ina tsaye tsakaninta da teburin Ubangiji. Wataƙila in ba ta ganina, zuciyarta ta samu wurin yin numfashi."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Me ya sa ka faɗa mata? Kullum ina son in tambaye ka. Ba wanda ya gani. Da ka ce ba ka lura ba, da shi ke nan."

"Tambayata ta yi."

"Na san tambayarka ta yi!"

"To me zan ce? In ce a'a, sannan Lahadi in sa mata gurasa a hannu in ce salama? In zauna da ke a gida ɗaya, kina dafa mini abinci, kina ba ni labarin Dogo, ni kuma ina gyaɗa kai? Ba zan iya ba, Auta. Ba don na fi kowa ba. Haka Baba ya koya mana tun muna zama a ƙasa don benci ya yi mana tsawo."

Ta zauna a kan bencin yayanta ta rufe fuska. Abin da ya sa ta so shi, shi ne kuma yake kashe ta. A duk garin nan babu wanda ke karɓar rasit a hannun Kafinta. In ya ce ƙofarka za ta iso Laraba, to ka cire tsohuwar tun Talata.

Can ta ɗago, idanunta jawur.

"In Mama ta karɓa gobe fa?"

Ya juyo ya dube ta.

"In ta karɓi gurasa daga hannunka gobe, za ka kwance kayan nan?"

"In ta yafe mini, ko ƙusa ɗaya ba za ta bar shagon nan ba."

Ita dai karɓa ta ce, shi kuma yafewa ya ce. Da tana cikin hayyacinta da ta lura. Amma ta riga ta miƙe, tana gyara mayafi.

*

Da la'asar ta samu Mama a ɗaki tana goge farin ƙyallen da ake rufe gurasa da shi. Ko da ta daina ci, Mama ba ta taɓa barin wani ya goge ƙyallen nan ba.

Auta ta durƙusa a gabanta ta kama ƙafafunta.

"Ke lafiya? Tashi mana, dutsen guga da zafi."

"Mama, zai tafi. Jibi zai bar garin."

Hannun Mama ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da guga.

"Allah ya kiyaye hanya."

"Mama, ki dube ni. Don Allah ki dube ni. Ni ma fa ɗiyarki ce. Kin rasa ɗaya a ƙasa, ga ɗayar tana mutuwa a tsaye a gabanki, ba ki gani."

"Kada ki ƙara faɗar haka!" Mama ta ajiye dutsen da ƙarfi. "Kina tsammani daɗi nake ji? Kina tsammani ban roƙa ba? Kullum da asuba sai na durƙusa na ce Ubangiji ka cire mini wannan abu. In na zo wurin da ake cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa, sai bakina ya mutu. Ni na goya yaron nan tare da Dogo. A faranti ɗaya suka ci. In na rufe ido sai in ji muryarsa yana cewa zai kai mu yamma. Yamma ta yi, ɗana bai dawo ba."

Suka yi kuka tare, kowacce da nata ciwon.

"Ban ce ki manta ba," Auta ta ce cikin shessheƙa. "Hannu kawai za ki miƙa. Kalma biyu ce, Mama. Ki karɓa gobe, yafiyar ta biyo baya a hankali. Ai Ubangiji ya san kina ƙoƙari."

"Kin san abin da kike roƙona kuwa?"

"Na sani."

"Kina so in ci da ƙulli a raina."

Auta ta kifa kanta a cinyar mahaifiyarta. Ta sani sarai. Tun tana ƙarama ta san abin da ake faɗa game da wanda ya ci a haka. Amma so ya rufe mata ido, kuma wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba ne kawai zai yi saurin zaginta.

Mama ta daɗe tana shafa kan Auta. Ƙanshin gurasar da ke cikin murhu ya shigo ɗakin.

"Zan karɓa," ta ce daga ƙarshe, da wata murya kamar ba tata ba. "In hukunci ne, ya sauka a kaina. Na riga na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba. Amma kada Babanki ya ji."

*

Safiyar Lahadi ɗakin sama ya cika kamar kullum. Bencunan da Dogo da Kafinta suka ƙera an jera su a zagaye, tebur a tsakiya, gurasa a ƙarƙashin farin ƙyalle. Warin fata da man takalmi yana tasowa daga shagon ƙasa, kowa ya saba da shi har ya zama kamar wani ɓangare na sujadar.

Abin da ba a saba gani ba shi ne wurin zaman Mama. Maimakon lungunta na bakin taga, sai ta zo ta zauna dab da Kafinta. Auta ta zauna a ɗaya gefen nata.

'Yan'uwa suka fara satar kallon juna. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana motsa baki. Baba ya dubi matarsa ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta, sannan ya buɗe waƙa.

Auta ba ta ji waƙar ba, ba ta ji karatun ba. Bugun zuciyarta kawai take ji.

Baba ya yi godiya, ya ɗaga ƙyallen, ya gutsura. Gurasa ta fara zagayawa. Salama tsakanina da kai. Salama ce. Salama tsakanina da ke. Salama ce. Har ta iso hannun Kafinta.

Ya ci nasa. Ya gutsuri wani. Ya juya.

Mama ta warware hannuwanta daga ƙirji. Ta miƙa tafinta.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin motocin da ke wucewa a titi.

"Mama," ya ce. "Salama tsakanina da ke."

Hannun a buɗe yake, amma fuskarta tana kallon bango. Leɓunanta suka motsa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sai ta juyo, ba wurinsa ba, wurin Auta, ta yi mata wani irin kallo na wadda za ta sha magani mai ɗaci saboda ɗanta. Ta runtse ido.

"Sala..."

"Mama, dakata."

Ya faɗa a hankali, amma kowa ya ji.

"Kin yafe mini?"

Mama ba ta janye tafinta ba. Hawaye suka gangaro ta gefen idanunta da ke rufe. Auta ta matse gefen zanenta har farcenta ya kusa huda shi, tana roƙo a zuci, ki ce i, Mama, ki ce i.

Mama ba ta ce i ba. Ba ta saba ƙarya ba, ta yi tsufa da koyonta a rana ɗaya.

Kafinta ya janye hannunsa.

"Ba zan ba ki abin da zai cuce ki ba, Mama. Na cuce ki sau ɗaya, ya isa."

Ya ajiye gutsuren a kan ƙyallen. Ya miƙe ya yi taku ɗaya ya tsaya a gaban Auta, domin ita ce ta gaba. Ya sake gutsura.

"Salama tsakanina da ke."

Auta ta dubi gurasar. Ita ta kwaɓa ta, ita ta gasa ta, ta san har inda gefenta ya ɗan ƙone. Ta dubi mutumin da ke riƙe da ita, sai ta ji wani haushi mai zafi ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa ji game da shi ba.

A hankali ta ɗaga hannuwanta ta naɗe su a ƙirji.

Wani ya ja numfashi da ƙarfi. Kafinta ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya ajiye gutsure na biyu kusa da na farko, ya miƙa gurasar ga na gaba.

*

A kan matakala ta tare shi, tun ana waƙar rufewa a sama.

"Ta miƙo hannu!" ta ce, tana ƙoƙarin danne murya ta kasa. "A gaban kowa ta miƙo maka hannu! Me kuma ya rage? Ka san kukan da na yi kafin ta yarda?"

"Ashe ke kika roƙe ta."

"Ni na roƙe ta! Don kai! Don mu!"

"Hannunta ne ya zo, Auta. Ita ba ta zo ba."

"Kai ne mai duba zukata yanzu? Wa ya sa ka tambaya? Naka kawai ka ba ta, sauran tsakaninta da Ubangijinta ne!"

Ya jingina da bango. Bai taɓa kuka a gabanta ba, ko ranar binne Dogo. Yau ya yi.

"Na taɓa ganin tsaga na ce zai kai mu yamma," ya ce. "Aiki na sauri, ina son a gama, sai na ce ba komai. Yau na sake gani, a fuskar Mama. Ina son ki fiye da yadda na so gama rufin nan, Ubangiji ya sani. Amma ba zan ce mata ta taka ba. Ba zan ɗora aurenmu a kai ba."

"To ka zaɓa ke nan."

"Ban zaɓi rabuwa da ke ba."

"Ka zaɓa! Kullum gaskiyarka ce a gaba, ni a baya. Ka ci gaskiyarka, ka sha ta, ka aure ta!" Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa ƙarfen matakala. "Ka tafi. Kada ma ka jira gobe. Ka tafi yau, kada in sake ganinka a garin nan."

Ya ɗago daga jikin bangon.

"Abin da kike so ke nan?"

"I."

Ya share fuskarsa da hannun riga.

"To," ya ce.

Ya sauka. Ta ji ƙarar ƙofar ƙasa, ta zame ta zauna a kan matakala ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar yayanta.

*

A gida ba wanda ya taɓa abincin rana. Gwaggo ta iso daga cocinsu da kwalliyarta, labari ya riga ya same ta a hanya.

"To ai shi ke nan, an huta," ta ce. "Yaro ya kunyata uwa a gaban jama'a. In kira mai kemis ya zo da yamma?"

Ta dubi fuskokinsu, ta ja bakinta ta zauna, abin da ba ta cika yi ba.

Sai can Baba ya shigo. A al'adar taronsu, gurasar da ta rage ba a zubarwa, dattijo ne ke naɗe ta ya kai wa marasa lafiyar da ba su samu zuwa ba. Yau ma ga farin ƙyallen a hannunsa. Ya ajiye shi a kan teburin falo, ya buɗe. Gutsure biyu ne a ciki.

"Yaya, ba ka kai wa marasa lafiyar ba?" in ji Gwaggo.

"Na kawo," ya ce. "Yau a gidana suke."

Ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

Auta tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Mama kuwa ta zuba wa gutsuren nan ido, ba ta ko ƙiftawa. Rana ta karkata, inuwar taga ta matso har kan tebur, ba ta motsa ba.

"Da ya sa mini a hannu da na ci," ta ce daga baya, kamar da kanta take magana. "Da na ci, da yanzu ana ta yi mana barka. Shi ne zai fi kowa riba."

Auta ta ɗago.

"Abin da na riƙe shi da shi, ya gani bai tsayar da Dogo ba. Kullum abin da ke cina ke nan." Mama ta share ido da bakin zane. "Yau ya gani bai yi shiru ba. Ya san abin da zai rasa, ya tsayar da ni. Ɗan da na haifa ne kawai zai yi mini haka."

Ta miƙe. Ta naɗe ƙyallen da gutsuren biyu a ciki, ta ɗauki mayafinta.

"Tashi ki raka ni shagonsa. Ban ce na yafe ba. Amma tun da abin nan ya faru ban taɓa kallon fuskarsa ba. Ina so in kalle shi in gwada, ko Ubangiji zai taimake ni."

Auta ta zabura. Takalmi ma ƙafa daban-daban ta saka, Gwaggo ce kawai ta lura.

Suna tafe Mama na haki, Auta na jan hannunta. Ba ta san lokacin da ta fara sauri ba. Wani abu ne yake ta ƙwanƙwasa mata zuciya tun daga ƙofar gida, tana ƙin saurarensa.

Suka sha kwanar layin.

Ƙofar shagon a rufe take, da sabon kwaɗo. An share gabanta tas. Bencin Dogo ne kawai aka fito da shi, an jingine shi a inuwa, an lulluɓe da leda.

Mai facin taya na kusa ya taso yana goge hannu.

"Sannunku, Mama. Kafinta kuke nema? Ai ya tafi tun da rana tsaka. Na ce masa ba gobe ba ne, ya ce a'a, ya riga ya amsa wa wani yau. Ya ce bencin nan a kai gidanku."

"Wane gari?" Auta ta tambaya. "Wace tasha?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba."

Mama ta juyo tana duban 'yarta, ƙyallen a rungume a ƙirjinta.

"Ba jibi kika ce mini jiya ba? Ai yaron nan ba ya saɓa magana."

Auta ta dafa bencin yayanta.

"Bai saɓa ba, Mama," ta ce. "Ni na ce masa ya tafi yau. Ya tambaye ni ko haka nake so, na ce i."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce to."